Yadda za ka zaɓi injin yankan ciyawa na hawa idan filinka tudu ne da gangara

Da zarar damina ta kankama, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu makarantu, masu gidajen gona da masu wuraren taron biki a nan Kaduna: wane injin yankan ciyawa zan saya, irin wanda ake hawa ana tuƙawa, ga shi filina ba shimfiɗaɗɗe ba ne? Wani filinsa ya gangara har bakin rafi, wani tsohuwar gona ce a hanyar Kachia da kunyoyinta ba su gama bajewa ba, wani kuma a gindin dutse yake can wajen Kajuru ko Kagoro. Kusan kowa da ƙarfin doki yake fara tambaya, alhali a fili mai tudu giyar da ke juya tayoyin baya ce ke riga injin mutuwa, haɗarin da ya fi muni kuma shi ne kifewa da mutum a kai. Saboda haka ƙasarka ce za ta zaɓa maka inji, kuma daga kanta za mu fara.

1. Auna gangarar kafin ka je wajen dila

Ido yana ruɗi a nan, don haka a auna. Ka nemi miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2, da tef, da lebul ɗin magina, wannan mai ɗigon ruwa a tsakiya. Je wurin da ya fi tsini a filin. Ɗora kai ɗaya na katakon a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya kan da ke wajen gangara har ɗigon ya tsaya a tsakiya, sannan wani ya auna maka daga bakin katakon zuwa ƙasa.

Idan tazarar ba ta kai santimita 35 ba, gangararka tana ƙasa da digiri 10, kusan kowane injin hawa zai iya da ita. Tsakanin santimita 35 da 54 kana tsakanin digiri 10 da 15, nan ne sai an yi zaɓe da natsuwa. Abin da ya haura santimita 54 ya wuce digiri 15, wanda shi ne iyakar da yawancin kamfanonin da ke ƙera injunan nan suke rubutawa a littafin inji, wasu ma ba sa yarda a kai nan. Ka auna wuri uku ko huɗu, ka yi aiki da wanda ya fi muni.

Gargaɗi: wurin da ya haura digiri 15 ba na injin hawa ba ne, kome tsadarsa. A bar shi wa injin turawa, ko na ratayawa a kafaɗa, ko langalanga. Wanda rabin filinsa haka yake, shawarata ita ce ya riƙe kuɗinsa.

2. Zagaya filin da ƙafa

Fara da girma. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, eka ɗaya kuma ta kusa fuloti 9 irinsa. Idan ciyawar da za a riƙa yankewa ba ta kai rabin eka ba, wato fuloti 4 zuwa 5, injin turawa mai jan kansa zai yi maka aikin da kuɗi kaɗan, kuma ya fi aminci a gangara.

Sai ka bi filin taku-taku da turaku a hannu, kana kafawa a duk inda ka ga suri, kututture, dutsen da ya leƙo, ramin gafiya, ko inda ruwan sama ya fara cin ƙasa. Filayenmu na jar ƙasa cike suke da marmara da tsakuwa, kuma ciyawar watan Agusta tana rufe su ruf. Kunyar tsohuwar gona kuwa sai an baje ta tukuna, da tarakta ko da fartanya, domin injin zai riƙa dukan ƙasa da cikinsa a kowace kunya, wuƙa ta dakushe, bel ya tsinke.

Duba kuma irin ciyawar. An yi injunan nan ne domin ciyawa mai shimfiɗa irin ƙiri-ƙiri, wadda ake aske ta a kai a kai, kuma yawancinsu ba sa ɗaga wuƙa fiye da santimita 10 daga ƙasa. Gamba ko kyasuwa ko tofa da ta kai ƙugu aikin adda ce ko na tarakta mai jan wuƙa. Sai an sassabe an kwashe sannan injin hawa ya karɓa.

Kar ka manta da auna faɗin ƙofa da tazarar da ke tsakanin bishiyoyi.

3. Wane iri?

Iri huɗu za ka tarar. Akwai ƙarami mai inji a bayan kujera, wanda faɗin yankansa bai cika wuce inci 30 ba. Yana da araha, amma gabansa ba nauyi, yakan nemi ɗaga kai idan ya fuskanci tudu. Akwai mai siffar ƙaramar tarakta, inji a gaba da sitiyari, shi ya fi yawa a kasuwa. Akwai babban wansa, siffarsu ɗaya amma ya fi shi kaurin ƙarfe, manyan tayoyin baya da giya mai ƙarfi. Na huɗu shi ne ziro-tan, wanda ba shi da sitiyari sai sanduna biyu, yana juyawa a inda yake tsaye.

Ziro-tan ne ya fi ɗaukar ido, a fili shimfiɗaɗɗe kamar filin ƙwallo kuma ba mai kamo shi wajen sauri. Amma tayoyinsa na gaba sakakku ne, ba sitiyari ba birki a jikinsu, duk iko yana tayoyin baya. Da zarar na bayan sun yi santsi a gangara, gaban sai ya karkata ƙasa, direba kuma ba shi da abin da zai riƙe shi da shi. Ban yarda mai sayen farko ya fara da shi a kan tudu ba.

Ga gangarar da ba ta kai digiri 10 ba, mai siffar ƙaramar tarakta ya isa. Daga 10 zuwa 15, ko fili mai gargada sosai da ya haura eka biyu, babban wan nasa za ka nema. Akwai kuma masu jan taya huɗu, Husqvarna da Stiga suna yin su, sun fi kowa riƙe ƙasa, sai dai tsadarsu da wuyar kayan gyaransu sun fi na sauran.

Masu amfani da batir zalla sun fara shigowa. Kafin ka kalle su ka tambayi kanka inda za ka riƙa caji da inda za ka samo sabon batir ranar da wannan ya gaji.

4. Giya da tayoyin baya

Nan ne kuɗinka zai tsira ko ya salwanta, don haka ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kujera ta baya.

Giya iri biyu ce ta fi yawa. Akwai ta hannu mai lamba, wadda sai ka taka kuloci ka canja. Tana da juriya da sauƙin gyara, amma taka kuloci a tsakiyar gangara yana sakin injin ya ziraro, sakinsa da ƙarfi a kan tudu kuma yana ɗaga gaba. Wanda ya sayi irinta sai ya zaɓi ƙaramar giya tun daga ƙasa, kada ya taɓa ta sai ya kai inda ya daidaita. Ta biyu ita ce haidiro, wadda mai ke turawa a ciki. Feda kawai kake takawa, gaba ko baya, idan ka ɗaga ƙafa injin ya rage gudu da kansa. Ita ta fi dacewa da tudu.

Sai dai haidiro suna suka tara. Kamfanoni biyu ne ke ƙera mafi yawansu, Tuff Torq da Hydro-Gear, kuma akwai takardar lamba a manne a jikin kowace. Wadda ta fi yawa a ƙananan injuna ita ce K46 ta Tuff Torq. An yi ta ne domin aiki mara nauyi, kuma da yawa daga cikinsu ba su da wurin juye mai, sai an sauke ta gaba ɗaya. A fili mai ɗan gangara tana shekaru tana aiki. A kan tudun da za ta riƙa hawa awa biyu a zafin Kaduna kuwa, man yana yin zafi ya tsinke, tun tana hawa da ƙyar har ta daina. K58 da K66 sun fi ta ƙarfi. Idan gangararka ta haura digiri 10 kuma aikin mai yawa ne, ka ƙara kuɗi ka nemi mai ɗaya daga cikinsu ko makamanciyarsu, kuma ka fifita wadda ake iya canja wa mai.

Abu na biyu shi ne diflok. A injin da ba shi da shi, idan tayar baya ɗaya ta faɗa rami ko ta hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, ita kaɗai za ta yi ta juyawa, ɗayar tana tsaye. Diflok yana kulle su su juya tare. A wasu feda ce ake takawa da diddige, a wasu da kansa yake kamawa. A fili mai gargada amfaninsa ya fi ƙarin ƙarfin doki biyar nesa ba kusa ba.

Sai tayoyi. Na baya su kasance manya masu faɗi, inci 20 zuwa sama. Tayar da suke zuwa da ita mai ƙananan zane ce don kada ta tona ciyawa, a jar ƙasa mai santsi kuma ba ta kamu sosai, ana iya sauya ta da mai manyan haƙora irin na tarakta. Saboda ƙaya, ka sa mai faci ya zura wa dukansu tub tun ranar farko. Ka leƙa aksul ɗin gaba kuma: na zubin ƙarfe mai lilo a tsakiya ya fi na lanƙwasasshen falankin ƙarfe jure faɗawa rami.

Gargaɗi: a bayan mai haidiro akwai ɗan ƙarfe da ake ja domin a saki giya a tura injin da hannu. Kada a ja shi a kan gangara, kuma kada a ɗaure injin a ja shi da mota.

5. Injin kansa

Sunayen da za ka fi gani su ne Briggs & Stratton, Kohler, Kawasaki da Honda. Ƙarfin doki 18 zuwa 24 ya ishi duk aikin da muke magana a kai. Abin dubawa shi ne yadda baƙin mai ke zagayawa. Wasu ƙananan injuna watsa mai kawai suke yi daga ƙasa, idan suka daɗe a karkace sai man ya taru gefe guda, wani sashe ya bushe. Wanda ke da famfon mai yana tura shi ko'ina. Alamar da ta fi sauƙin ganewa ita ce filtar mai irin ta mota a ɗaure a gefen injin. Mai silinda biyu ya fi mai ɗaya laushin tafiya da jan nauyi, yawancinsu kuma suna da famfon.

Buɗe murfin matatar iska ka gani. Wadda ke da takarda da soso a kanta ta fi dacewa da ƙurarmu, musamman yankan ƙarshe na Nuwamba lokacin da hunturu ya fara busawa.

6. Kaskon wuƙa

Kasko shi ne murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar mafi faɗi don a gama da wuri. A ƙasa mai tudu da kwari, kasko mai inci 54 yana aske kan tudu har ƙasa ya bar ciyawa a cikin kwari. Inci 42 zuwa 48 ya fi bin ƙasa. Mai inci 42 yakan gama eka ɗaya cikin awa guda ko makamancin haka idan ana tafiya a hankali.

Ka tabbata akwai ƙananan tayoyi a kusurwoyin kaskon, su ne ke ɗaga shi kafin wuƙa ta ci ƙasa. Huɗu sun fi biyu. Kaskon da aka haɗa da walda daga ƙarfe mai kauri ya fi wanda aka buga daga falanki ɗaya jure dutse, idan ya tsage kuma masu walda na Panteka za su gyara shi ba wuya. Mai fitar da ciyawa ta gefe za ka zaɓa. Jakar tara ciyawa a baya tana ƙara nauyi a inda ba a so idan ana hawa tudu, ciyawar damina kuma toshe ta take yi. Wajen auna ƙofa ka ƙara kamar santimita 30 a kan faɗin kaskon saboda murfin gefe.

7. Nemi kayan gyara kafin ciniki

Ɗaga kujera, a nan yawanci lambar injin take. Akwai wata kuma a jikin injin kansa. Ɗauki hotonsu duka, tare da lambar bel da girman taya. Da hotunan nan za ka zagaya wajen masu sayar da janareto da kayan noma, da Ori-Apata, ka tambayi abu biyar: wuƙa, bel ɗin kasko, bel ɗin giya, matatar iska, da boris ɗin sandar da wuƙa ke ɗaure a kai. Fulogi, batir mai bolt 12 da baƙin mai ba su da wuyar samu. Sauran ne ke kwantar da inji wata biyu a tsakiyar damina ana jiran saƙo daga Legas. Duk abin da ba ka samu a gari ba, ka sa dila ya haɗo maka biyu-biyu a cikin ciniki.

Bel ɗin injin niƙa yakan shiga idan tsawon ya yi daidai, zai fitar da kai kunya na 'yan kwanaki, amma ba a yi shi don lanƙwasa gaba da baya a tsakanin fuli da yawa ba, ba ya daɗewa. Injunan da aka ƙera a Amurka kuma da yawan notocinsu da inci aka auna, sai bakanikenka ya tanadi sufanun da suka dace, in ba haka ba zai cinye kawunan notocin.

8. Sabo ko na hannu, da lissafin kuɗi

A Amurka, a 'yan shekarun nan, sabon ƙarami mai sitiyari yana kamawa daga dala 2,000 zuwa 3,000, mai diflok da giya mai ƙarfi kuma daga dala 4,000 zuwa sama. Ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin jirgi, na kwastam, ribar dila da kuɗin mota daga Legas. Magana ce ta miliyoyin naira, shi ya sa yawancin masu saye a nan tokumbo suke nema.

Ba laifi a tokumbo idan an duba da kyau. Babban inji na hannu mai lafiyayyar giya ya fi sabon ƙarami amfani a kan tudu. Da yawa suna da agogon da ke ƙirga awannin aiki. Ƙaramin da ya haura awa 500 ni ina ɗaukarsa a matsayin wanda ya ci rabin ƙarfinsa ko fiye, farashinsa kuma ya kamata ya nuna haka. Agogon yakan mutu ko a canja shi, don haka ka haɗa da kallon feda, kujera da taya.

Akwai kuma kuɗin yau da gobe. Injin yakan sha lita 2 zuwa 4 na fetur a awa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Daga Mayu zuwa Oktoba za ka yi yanka kusan kowane mako ko kwana goma. Ka ware wani abu kuma na baƙin mai, wuƙa, bel da ladan bakanike. Sannan ka kwatanta jimillar da abin da kake biyan masu yanka da hannu a damina guda.

9. Gwada shi da zafinsa

Ka je da bakanikenka, kuma ka roƙi kada a tayar da injin kafin ku iso. Taɓa shi ka ji da sanyi, sannan a tayar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da bai ɗauke ba bayan minti biyu alama ce yana ƙona mai. Zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, idan yana warin fetur akwai matsala a kafireto. A kashe, a cire waya daga kan fulogi, ka kama kowace wuƙa da tsumma ka girgiza sama da ƙasa. Idan tana motsi boris ya tafi. Leƙa ƙarƙashin kasko ka nemi tsatsar da ta huda da tsohuwar walda.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na giya. Haidiro da ta gaji tana aiki lafiya lau da sanyi, sai ta yi zafi asirinta ke tonuwa. A tuƙa injin minti 20 zuwa 30, sannan a hau tudu da shi, da mutum mai nauyi a kai. Idan gudu ya ragu ko ta fara kuka, ka bar shi, ko da an rage maka rabin kuɗi. Tsaya a ɗan gangara ka ja birkin ajiya ka ga ko zai riƙe. Daga ƙarshe, wuƙa tana juyawa, ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera. Ya kamata injin ya mutu nan take, saboda makunnin da ke ƙarƙashin kujerar.

Gargaɗi: ana yawan haɗe wayar wannan makunni na kujera don ya daina kashe inji. Kada ka karɓa sai an mayar da shi, kuma ka ja kunnen duk wanda zai riƙa tuƙa maka kada ya taɓa shi. Shi ne ke tsayar da wuƙa idan mutum ya faɗo.

10. Yankan farko

Karanta littafin injin, ka duba baƙin mai, ka daidaita iskar taya. Yawanci tsakanin 10 da 14 ne a ma'aunin mai faci, ƙasa sosai da ta mota, kuma idan hagu da dama suka bambanta yankan zai karkace. A tsince duwatsu, waya da kwalabe. Bakin wuƙar yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa, tsakuwar da ta harba tana fasa gilashi, tana fasa ido. Yara da dabbobi su yi nisa, direba ya sa rufaffen takalmi.

Fara a wurin da ya daidaita har hannunka ya saba. Ɗaga kasko can sama, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda. A gangara, mai sitiyari sama da ƙasa ake bi da shi, a miƙe, a hankali, ba a ratsa ta a karkace, juyawa kuma sai an kai inda ya daidaita. Kada a yi yanka da raɓa ko bayan ruwa, a jira hantsi ciyawa ta sha iska. Bakin kwalbati, rafi ko kwazazzabo a bar tazarar da ta kai faɗin injin sau biyu, domin ruwa yana cin ƙasa ta ƙarƙashi alhali samanta na nan kamar lafiya. Idan injin yana da ƙarfen kariya a bayan kujera, a miƙar da shi a ɗaura bel ɗin kujera. Idan taya ta fara santsi a tsakiyar hawa, kashe wuƙa ka sauko a hankali, a miƙe.

Gargaɗi: ba a goyo a kan injin nan, ko na minti ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi, kuma masu makarantu su fi kowa kiyaye wannan.

Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awannin farko kamar yadda littafinsa ya ce, daga nan kusan kowace awa 50, tokumbo kuwa tun kafin ya fara aiki. Bayan kowane yanka, idan ya huce, a kakkaɓe ciyawar da ta taru a kan kasko, kusa da salansa da kan fankar giya, domin busasshiyar ciyawa a wurin tana kama wuta kuma tana hana giya shan iska. Idan damina ta wuce za a ajiye shi, a bar shi ya shanye fetur ɗin da ke ciki har ya mutu da kansa, a cire kan batir, a sa shi a ɗaki mai rufi, a riƙa leƙawa saboda ɓera da ke cin waya.